Murya tana barin baki a bidiyon tafsiri: ina matsalar take?

Wani ƙanenmu da ke ɗaukar tafsiri a wani masallaci a Agege ya aiko da tambaya. Yana kafa kyamara ɗaya a baya, ya ajiye wayarsa ta Android kusa da malam, sannan ya ja sauti daga miksar masallaci zuwa ƙaramar rikoda. Idan ya haɗa su a manhajar tace hoto ta Premiere Pro, farko komai daidai. A hoton waya, zuwa minti 20 abin bai nuna ba, zuwa minti 40 baki ya yi gaba da kusan rabin daƙiƙa, kafin a kai ƙarshen awa ɗaya da rabi tazarar ta wuce daƙiƙa biyu. Hoton kyamara shi ma yana zamewa, amma kaɗan. Ya yanka ya ja, ya yanka ya ja har ya gaji. An ce masa kwamfutarsa ce ba ta da ƙarfi, shi ne yake tambaya ko ya tafi Computer Village a Ikeja ya sayo wata.

Ƙanena, Allah ya saka da alheri a kan wannan hidima. Ka riƙe kuɗinka tukuna. Kwamfuta mai rauni tana sa hoto ya riƙa tsalle lokacin da kake kallo a cikin manhaja, amma ba ta sa fayil ɗin da ka fitar ya zame ta yadda ka bayyana. Ko ka sayo mafi tsada a Ikeja, in ka zuba mata waɗannan fayilolin, abin da za ka gani ke nan. Kuma a bayaninka na hango cuta biyu daban, ɗaya a waya ɗaya tsakanin kyamara da rikoda, shi ya sa magani ɗaya ya ƙi yi maka aiki.

Abin da nake so ka fara yi shi ne ka ajiye almakashi ka auna. Yadda tazarar take girma shi ke faɗa maka daga ina ta fito. Ka buɗe sabon taimlayin, wato layin da ake jera hoto da sauti a manhaja, ka ɗora hoto ɗaya da sautin rikoda ba tare da ka yanka komai ba, ka daidaita farkon sosai. A tafsiri wannan ba ya wahala, domin mai jan baki zai fara da Bisimilla, kuma a kan harafin ba da mim leɓɓa suna haɗuwa a fili. Ka tsaya a firam ɗin da leɓɓan suka rabu (firam shi ne hoto guda cikin jerin hotunan da ke zama bidiyo), ka duba ko nan ne zanen sautin ya tashi. Daga nan ka je minti 15, 30, 45, 60 da ƙarshe, kowane wuri ka nemi irin wannan harafin, ka ƙirga firam nawa ne tsakani, ka rubuta a takarda tare da wanda ya riga, murya ko baki. Idan aikinka firam 25 ne a daƙiƙa, kowane firam milisakan 40 ne. Idan 30 ne, kusan 33.

Wani lokaci za ka ga tazarar ɗaya ce daga farko har ƙarshe. Wannan ba zamewa ba ce, ja ɗaya ya wadatar. Sai dai ka tabbata idonka da kunnenka ba yaudararsu ake yi ba. Iyafis na Bluetooth yana jinkirta sauti, sau da yawa fiye da milisakan 100, don haka duk wanda ya daidaita baki da shi a kunne zai fitar da bidiyon da murya ta riga hoto. Ka yi aiki da mai igiya. Nisa ma yana da nasa. Ka tuna mai faskare in ka hango shi daga nesa, gatari zai sauka kafin ƙarar ta iso gare ka. Sauti yana tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa, a zafin Legas ma ya ɗan fi haka, wato kowace mita 14 firam ɗaya ne a aikin 25. Idan kyamararka tana can sahun baya, mita 28 daga inda sautin ke fitowa, abin da makirufonta ya ji ya makara da firam biyu. In ka bar manhaja ta daidaita sautin miksa da na kyamarar ta hanyar kwatanta zanensu, wannan makarar za ta gada. Bayan ta gama sai ka duba leɓɓa da kanka ka matso da sautin.

Idan kuwa tazarar tana ƙaruwa daidai-wa-daida, abin da ka samu a minti 30 ninkin na minti 15 ne, na 60 kuma ninkin na 30, to girmanta ne zai nuna maka mai laifi. Daƙiƙa 3.6 a awa ɗaya alama ce ta an ɗauki 29.97 a matsayin 30, ko 23.976 a matsayin 24, domin bambancinsu kashi ɗaya ne cikin dubu. Kusan daƙiƙa biyu da rabi a kowane minti, an cakuɗa 24 da 25. Kusan daƙiƙa biyar a minti, tare da muryar malam ta sirance ko ta yi kauri, sautin da aka ɗauka a kilohaz 44.1 ne ake karantawa a 48, ko akasin haka. Wannan na ƙarshe ya yi ƙaranci yanzu, manhajojin zamani suna juya shi da kansu, amma yana faruwa idan fayil ya lalace ko an bi da shi ta wata manhajar da ta rubuta masa bayanin da ba nasa ba. Duk waɗannan a saitin fayil ake gyara su, ba a taimlayin ba. A Premiere ka danna dama a kan fayil ɗin, ka shiga Modify sannan Interpret Footage, ka ga da wane adadi take karanta shi.

Naka na waya bai shiga ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Shiru har minti 20, rabin daƙiƙa a 40, fiye da biyu a 90: tazarar ba ta bin lissafi. Wannan ita ce alamar firam mai canzawa, abin da ake taƙaitawa da VFR, kuma nan zan fi daɗewa domin ita ce ta fi wahalar da masu aiki da waya.

Kyamarar bidiyo ta gaske in ka ce mata 25, to 25 za ta ba ka a kowace daƙiƙa har batir ya mutu. Waya ba haka take ba. Za ta rubuta maka 30 a allo, amma idan haske ya ragu sai ta tsawaita buɗe idonta don hoto ya yi haske, adadin ya sauka ƙasa. Idan ta yi zafi sai ta rage wa kanta aiki, ta tsallake wasu firam. Ka duba yanayin da kake ɗauka: masallaci cike da jama'a, la'asar sakaliya tana gangarawa magariba, haske na raguwa, waya ta fi awa tana aiki, wataƙila ma tana jone da caji. Farkon karatu tana da sanyi kuma akwai haske, shi ya sa minti 20 na farko lafiya. Daga baya ne take fara gajiya. Wayar ba ta ɓoye komai ba, kowane firam ta manna masa lokacin da aka ɗauke shi, kuma mai kunna bidiyo irin VLC yana bin wannan lokacin. Manhajar tace hoto ita kuma tana son firam su jeru da tazara iri ɗaya, to idan ta jera su haka sai hoton ya gajarce, sauti kuma yana nan da tsawonsa. Shi ya sa baki ya yi gaba. Gwaji mafi sauƙi: ka kunna fayil ɗin asali a VLC ka je ƙarshensa. Idan can baki da muryar da wayar ta ɗauka suna tare, amma a Premiere sun rabu, ka kama ɓarawonka. Don ƙarin tabbaci ka sauke MediaInfo, kyauta ce, ka buɗe fayil ɗin, ka nemi layin Frame rate mode. In ka ga Variable, ka duba mafi ƙaranci da mafi yawa da ta nuna a ƙasa. Idan mafi ƙarancin ya yi nisa da 30, magana ta ƙare.

Maganin shi ne a mayar da fayil ɗin mai tsayayyen firam kafin ya shiga manhajar tace hoto. Manhajar juya bidiyo ta HandBrake ta isa, ita ma kyauta ce. A shafin Video ka zaɓi adadin firam, sannan ka danna Constant Framerate. Ka kula sosai a nan, domin saitin da take zuwa da shi yana kan Peak Framerate ne, wanda ke barin firam ya ci gaba da canzawa, kuma mutane da dama suna shafe awanni suna juya fayil su fito da cutar da suka shiga da ita. Adadin kuma ka zaɓi wanda wayar ta yi niyya. In 30 ta ɗauka, ka ba ta 30. Ma'aunin ingancin hoto, wanda take kira RF, ka ajiye shi wajen 18 zuwa 20 don kada hoton ya dusashe. Wanda ya saba da FFmpeg, wannan layin zai yi masa aiki ɗaya:

ffmpeg -i asali.mp4 -vf fps=30 -c:v libx264 -crf 18 -c:a aac -b:a 256k -ar 48000 sabo.mp4

Abin da waɗannan ke yi shi ne su bi lokacin da ke manne da kowane firam, inda aka samu giɓi su maimaita firam ɗin da ya gabata, don tsawon hoto ya koma daidai da na sauti. Za ka iya ganin ɗan tsayawa a wuraren da wayar ta sha wahala, amma a mutumin da ke zaune yana karatu da wuya mai kallo ya lura.

Premiere tana da nata zaɓin tun 2018. Idan ta gane fayil ɗin mai canzawa ne, a Effect Controls ɓangaren fayil na asali za ka ga Preserve Audio Sync. Ka gwada, wani lokaci yana isa ga gajeren bidiyo. Ni dai a karatun awa ɗaya da rabi ban yarda in dogara da shi ba, na fi son in juya fayil ɗin in huta. Juyawar za ta ci lokaci da wuta, na sani, kuma wuta a garin nan ba abin wasa ba ce. Ka jera fayilolin a layin jira na HandBrake su yi ta tafiya da dare ko lokacin da janareta ke kunne don wani aikin. Game da aikin da ka riga ka yanka, ba sai ka zubar ba. Ka juya fayil ɗin, ka yi Replace Footage don sabon ya maye gurbin tsohon, amma ka sani wuraren yankan za su ɗan gusa, kuma duk jan da ka yi wa sauti a baya yanzu ya zama kuskure, sai ka warware shi. Idan yankan ba su da yawa, sake farawa ya fi sauri.

Saura ta biyu, wadda ke tsakanin kyamara da rikoda. Wannan ba lalacewa ba ce, haka na'urori suke. Kowacce tana da ɗan ƙaramin dutsen kwaz a ciki wanda ke ƙirga mata lokaci, kuma babu biyu da ke tafiya daidai ɗari bisa ɗari. A ce sun saɓa da kashi 50 cikin miliyan, abin da ba a jin sa ko kaɗan a bidiyon minti uku. A awa ɗaya ya zama milisakan 180, a awa ɗaya da rabi kusan firam bakwai a aikin 25. Masu ɗaukar fim ba su cika haɗuwa da wannan ba domin suna tsayawa bayan 'yan mintuna su sake kunnawa. Mu masu ɗaukar tafsiri, wa'azi, walima da saukar karatu, mu ne yake samu, domin ba a ce wa malam ya dakata. Kuma kada wani ya ce maka janareta ne ko sauyin wuta. Janareta yana kawo gurnani a sauti da ƙyaftawar fitilu a hoto, amma agogon cikin rikoda ba ya bin bugun wutar gari.

Wannan tazarar tana ƙaruwa ne a miƙe, don haka miƙa sautin sau ɗaya yana kashe ta. Kana buƙatar alama biyu tabbatattu, ɗaya a farko ɗaya a ƙarshe. A wurin fim tafi ake yi, amma a masallaci tafi bai dace ba. Kafin malam ya zauna, ka sa wani ya ƙwanƙwasa makirufo da yatsa sau ɗaya inda duk kyamarorin ke ganin hannunsa, bayan an shafa addu'a ya sake, kafin ka kashe komai. A ce tsakanin alamun biyu kyamara ta nuna daƙiƙa 5400 cif, rikoda kuma 5400.4. Sautin ya fi tsawo da firam goma, yana buƙatar a ƙara masa sauri zuwa kashi 100.0074. Akwatin sauri na Premiere ba ya ɗaukar lambobi masu yawa haka bayan ɗigo, to kada ka wahalar da kanka da shi. Ka yanka sautin daidai kan alamun biyu, ka ɗora farkonsa a kan alamar farko ta hoto, ka ɗauki Rate Stretch, harafin R a allon rubutu, ka ja ƙarshensa har ya zauna kan alamar ƙarshe. A manhajar tace sauti ta Audacity ma akwai wurin canza sauri da ke ba ka damar rubuta sabon tsawon kai tsaye. Sauti ake miƙawa, ba hoto ba. Kuma a gyara ƙanƙane irin wannan kada ka kunna zaɓin riƙe kaurin murya, domin canjin bai kai kunne ya ji ba, shi kuwa wancan zaɓin yana yayyanka sautin a ciki, wani lokaci ya bar masa ɗan karkarwa da ake ji a madda mai tsawo.

Yanka da ja da kake yi yana da wurinsa, amma a nan kaɗai, bayan ka san adadin. Firam goma a minti 90 yana nufin firam ɗaya kowane minti tara. Sai ka nemi shirun da ke tsakanin mai jan baki da malam ka cire firam ɗaya na sauti. A fayil ɗin waya mai canzawa kuwa wannan hanya ba ta da ƙarshe.

Akwai kuma tsalle na farat ɗaya: komai daidai, sai a wani wuri tazara ta bayyana ta zauna. Ka duba ko nan ne kyamara ta raba fayil. Katin ajiya mai tsarin FAT32 ba ya ɗaukar fayil da ya wuce gigabait 4, kuma kyamarorin Sony da Panasonic masu ɗauka a AVCHD suna yanka dogon ɗauka gida-gida. Idan ka shiga cikin kati ka tsinto gutsattsarin bidiyon, wato fayilolin MTS, kaɗai ka jera su, kana iya rasa ɗan sauti a kowace mahaɗa. Ka kwafe jakar PRIVATE gaba ɗayanta, ka shigo da ita ta Media Browser, manhajar za ta haɗa su yadda ya kamata. In ba a mahaɗa ba ne, ka zargi katin. Na jabu sun yi yawa, ana rubuta musu sauri da girman da ba su da shi. Ka nemi mai alamar V30, wanda ke nufin ba ya sauka ƙasa da megabait 30 a daƙiƙa wajen rubutu, kuma ka gwada girmansa da manhajar H2testw kafin ka damƙa masa karatun da ba za a maimaita ba.

Wane kusanci ne ya isa? Hukumar sadarwa ta duniya, ITU, a shawararta mai lamba BT.1359 ta nuna mai kallo yana fara lura idan sauti ya riga hoto da kusan milisakan 45, amma sai ya makara da kusan 125 kafin a gane. Wato firam ɗaya gaba, uku baya. Idan dole ka karkata, ka bar murya ta ɗan biyo bayan baki, kada ta riga shi. A tafsiri ma ina ganin ya kamata mu fi haka tsanani. Akwai ɗalibai a Mile 12, a Idi-Araba, a Alaba Rago, da aiki bai bar su sun zauna gaban malam ba, a waya suke bin karatun, suna kallon bakin alaramma don su ga yadda harafi ke fita. Idan leɓɓa suna wani wuri murya tana wani, mun rage musu abin da suka zo nema.

Don gaba, mafi ƙarfin gyara shi ne a rage yawan agogo. Idan sautin miksa ya shiga cikin kyamara kai tsaye, hoto da murya agogo ɗaya suke bi, babu abin da zai zame. Sai dai abin da miksa ke fitarwa ya fi ƙarfin ramin makirufo na ƙananan kyamarori, zai fashe. In kyamarar tana da ramin XLR, babban ramin sauti mai ƙofa uku, ka mayar da makunninsa kan Line, in ba ta da shi ka nemi igiyar da ke rage ƙarfin sauti, ana samu a Alaba da Ikeja. Rikodar ka bar ta tana ɗauka a gefe saboda ɓacin rana, a WAV, kilohaz 48, ba MP3 ba. Kowace kyamara kuma ka bar makirufonta a kunne ko da sautin ba shi da kyau, shi ne shaidarka a wajen haɗawa. Za ka ji ana maganar akwatunan taimkod, masu manna wa hoto da sauti lambar lokaci, irin Tentacle Sync. Suna da amfani wajen jera fayiloli da yawa a wurinsu, amma lambar lokaci kawai suke bugawa, ba sa tilasta wa agogon kyamara ya bi na rikoda, don haka a dogon ɗauka zamewar tana nan. Ba nan ya kamata kuɗinka ya fara zuwa ba.

Ita kuma waya, ka taimaka mata. Ka cire mata riga, ka cika cajinta kafin a fara maimakon ka bar ta jone, ka sa ta inda fanka ke kaɗawa, ka ɗauka a 1080 maimakon 4K, ka ƙara haske a wurin malam in da hali. Manhajoji irin Open Camera da Blackmagic Camera suna ba ka damar kulle adadin firam da saurin buɗe ido da hannunka. Mai iPhone ya kashe Auto FPS a saitin kyamara, ya kunna Show PAL Formats don ya samu 25. Wutarmu a Najeriya tana bugawa sau 50 a daƙiƙa, shi ya sa 25 da 50 suka fi zama lafiya da fitilunmu, kuma in kyamara da waya da taimlayin duk suna kan 25 ka rufe wata ƙofar matsala. Ko da ka yi duk wannan, ka ci gaba da duba fayil ɗin waya a MediaInfo, domin kullewar ba ta hana zafi aikinsa gaba ɗaya. Idan wani ne zai turo maka abin da ya ɗauka, ya turo shi a matsayin fayil ko ya kawo a kati, kada ya tura kamar bidiyon hira a WhatsApp, domin za a matse shi a sake juya shi.

Kafin zama na gaba ka yi gwaji a gida. Ka kunna kyamara, waya da rikoda tare, ka yi tafi a gabansu, ka bar su awa biyu, ka sake tafi. Bambancin da ka samu tsakanin kyamara da rikoda kusan shi za ka riƙa samu kullum muddin na'urorin nan ne, sai ka rubuta shi ka manna a jikin rikodar. Idan ka auna fayilolin da ke hannunka yanzu, ka turo mini lambobin wurare biyar ɗin nan tare da abin da MediaInfo ta nuna a kan fayil ɗin waya da na kyamara, mu duba tare.